Zinariya a Kudu, Gishiri a Arewa: Fashin Baƙi kan Daulolin Afirka ta Yamma

Duk wanda ya yi karatun tarihi a makaranta zai iya tuna taswirar nan da ake zana daulolin Gana da Mali da Songai a kanta, kowace da launinta da iyakarta, tamkar ƙasashen yau masu shinge da jami'an kwastan. Taswirar tana taimaka wa ɗalibi ya ci jarrabawa, amma tana sa shi ya ɗauka cewa ƙarfin waɗannan dauloli yana ga faɗin ƙasar da suka mamaye, kuma wai da wannan ta faɗi sai waccan ta tashi, kamar yarimomin gida ɗaya masu jiran gado. Abin da sarakunan nan suka riƙe da gaske shi ne hanya: rijiyar da ayari zai sha ruwa, mashigin da za a yi fito, da kasuwar da raƙumi zai durƙusa a sauke masa kaya domin jaki ko kwalekwale ya ɗauka. In aka bi tarihin ta wannan fuska, abubuwa da yawa da ke ɗaure kai sukan warware da kansu, har da dalilin da ya sa mulki ya riƙa matsawa gabas, da dalilin da ya sa Maroko ta ci Songai da yaƙi amma ba ta sami abin da ta je nema ba.

Sai an fara da yadda Allah ya shimfiɗa ƙasar. Zinariya tana kudu: a Bambuk, tsakanin kogin Senegal da kogin Faleme, a Bure, wajen mafarin kogin Neja a ƙasar Gini ta yau, daga baya kuma a dazuzzukan Akan, cikin ƙasar da yanzu ake kira Gana. Gishiri kuwa, wanda mazauna kudu ba su iya rayuwa babu shi, yana can tsakiyar hamada, a wurare irin su Tagaza. Raƙumin da ke iya ratsa hamada ba ya jure wa damshi da tsandon kudu, jakin da ke yawo a kudu kuma ba ya iya hamada. Dole ne ke nan a sami wurin da kaya za su sauya dabba su sauya hannu, kuma wurin shi ne bakin hamada, wanda Larabawa suka kira Sahil, wato gaɓa, domin sun ɗauki hamada teku ce, raƙumi kuma jirginta. Garuruwa irin su Audagust da Walata da Timbuktu da Gao tashoshin wannan gaɓa ne. Ya kamata a lura cewa ba zuwan Larabawa ne ya haifar da birni a yankin ba, domin haƙe-haƙen da masana suka fara a 1977 a kufan Jenne-Jeno, kusa da Jenne ta yau, sun nuna cewa an zauna wurin tun wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa, ana noman shinkafa ana ƙira ana cinikin nesa. Raƙumi ya tarar da kasuwa tana ci ne, ya haɗa ta da wata duniya.

Daular farko da marubutan Larabci suka ba da labarinta sosai ita ce ta Soninke, wadda mutanenta ke kira Wagadu, baƙi kuma suka kira ta Gana da laƙabin sarkinta. Tana kudu maso gabashin Muritaniya da yammacin Mali na yau, nesa ƙwarai da ƙasar da ta ari sunan a 1957. Al-Bakri, wanda ya yi rubutu a Andalus a 1068 ba tare da ya taka ƙasar ba, ya tattara bayanin fatake ya bar mana tsarin harajin sarkin: kayan jaki ɗaya na gishiri yana biyan dinari ɗaya na zinariya in zai shiga ƙasar, dinari biyu in zai fita; kayan tagulla miskali biyar (miskali ma'aunin zinariya ne); kayan haja miskali goma. A duba wannan lissafi da kyau. Sarkin bai haƙi gishirin ba, bai ɗauko shi ba, ba shi zai ci shi ba, amma ya ci dinari uku a kan kowane kaya domin kawai ya ratsa ta ƙofarsa. Girman cinikin kuwa ana iya kwatanta shi da abin da matafiyi Ibn Hauƙal ya ce ya gani a Audagust a ƙarni na 10, wato takardar bashi ta dinari 42,000 tsakanin 'yan kasuwa biyu, abin da ya ce bai taɓa jin irinsa ba a ƙasashen gabas.

Akwai wata doka da al-Bakri ya ambata wadda ta fi harajin nuna basira. Duk curin zinariyar da aka samu na sarki ne, talakawa sai garinta kawai aka bar musu su yi ciniki da shi, kuma ya faɗi dalili: ba don haka ba, da zinariya ta yawaita a hannun mutane har darajarta ta zube. Ma'ana fadar ta san cewa arzikinta ya dogara ga ƙarancin abin a kasuwa, ta kuma ɗauki matakin tsare farashinsa. Haka nan tsarin babban birnin, wanda galibin masana ke dangantawa da kufan Kumbi Saleh: gari biyu ne, mil shida tsakaninsu, ɗaya na Musulmi mai masallatai goma sha biyu da limamai da malamai, ɗaya na sarki wanda ke kan addinin kakanninsa da kurmin tsafinsa, amma tafintocinsa da ma'ajinsa da yawancin waziransa Musulmi ne. Sarki yana bukatar alƙalamin baƙo da lissafinsa, yana kuma bukatar biyayyar manoman da ke ganin sa a matsayin mai riƙe da asirin ƙasa, don haka ya ajiye kowa a muhallinsa.

An daɗe ana koyarwa cewa Murabiɗai, mayaƙan Musulmi 'yan yammacin hamada, su ne suka rushe Gana da yaƙi a 1076. Gaskiya ne sun kama Audagust a wajen 1055, amma batun cin Gana kanta da yaƙi masana da yawa sun ja da baya a kansa, domin madogararsa rubuce-rubuce ne da suka zo ƙarnoni bayan lamarin. Abin da ya fi bayyana shi ne Gana ta ci gaba da wanzuwa, sarakunanta suka musulunta, amma zinariyar Bure ta fara shan gaban ta Bambuk, hanya kuma ta karkata zuwa kogin Neja, ta bar tsohuwar ƙofar babu cunkoso.

Waɗanda Bure ke kusa da gidansu su ne Mandinka. A wajen 1235 Sunjata Keita ya karya Sumanguru Kante, sarkin Soso, a yaƙin Kirina, labarin da maroƙan Mande da ake kira jeli suke rerawa har yau, kuma daga nan Mali ta miƙe har ta haɗa gaɓar tekun Atalantika da kwanar kogin Neja. To amma ko Mali, duk da kusancinta da ramukan, ba ta riƙe su a tafin hannunta ba. Al-Umari, marubucin Larabci na ƙarni na 14, ya rawaito cewa sarakunan Mali sun jarraba sun gani, duk lokacin da suka ci garin zinariya da yaƙi aka fara kiran salla a cikinsa, sai zinariyar ta ragu a nan ta ƙaru a maƙwabta, saboda haka suka ƙyale masu ƙasar da al'adarsu suna karɓar gaisuwa daga gare su. Ba sai an nemi wani asiri ba kafin a fahimci wannan. Masu haƙar manoma ne da ke shiga rami da rani bayan an gama girbi, suna da ƙa'idojinsu da masu tsafin da ke ba su izini, kuma wanda aka matsa masa yana iya ajiye magirbi ya koma gonarsa ko ya ƙaura. Sarki yana iya tilasta wa gari ya biya haraji, amma ba ya iya tilasta wa mutum ya nuna inda jijiyar zinariya ta bi.

Masu shiga tsakani su ne 'yan kasuwar Mande Musulmi da ake kira Wangarawa, ko Jula, waɗanda suka kafa unguwanni daga Jenne har Begho a bakin dajin Akan. Malamansu, musamman masu bin koyarwar Alhaji Salim Suwari, sun tafi a kan cewa Musulmi yana iya zama lafiya a ƙarƙashin sarkin da ba Musulmi ba muddin an bar shi da addininsa, kuma wannan fahimta ce ta ba su damar zama a wuraren da rundunar Mali ba ta taɓa isa ba.

Hajjin da Mansa Musa, sarkin Mali, ya yi a 1324 shi ne abin da kowa ya sani, kuma shi ne aka fi yi wa ƙarin gishiri. Alƙaluman biliyoyin daloli da ke yawo a intanet, waɗanda ake cewa da su ya zama mafi arzikin ɗan Adam, ƙiyasi ne da babu wata takardar zamaninsa da za ta iya ɗaukarsa. Abin da aka rubuta ya ishe shi girma. Al-Umari, wanda ya je Alƙahira shekara goma sha biyu bayan wucewarsa, ya ce kafin zuwansa miskalin zinariya ba ya sauka ƙasa da dirhami 25, amma tun daga lokacin bai wuce 22 ba. Baƙo ɗaya ya taɓa farashin zinariya a babbar kasuwar duniyar Musulmi na tsawon shekaru, sannan kuma, abin da masu yabo ba su cika faɗa ba, guzurinsa ya ƙare har sai da ya ci bashi a wurin attajiran Masar kafin ya koma gida. Ribar tafiyar a wajen suna aka same ta: a 1375 masu zana taswira a tsibirin Mayorka sun zana shi zaune da kambi, riƙe da curin zinariya, kuma Turai ta fara tambayar ta ina ake isa wurin.

Wanda ya nuna mana hanyar da idonsa shi ne Ibn Batuta, da ya taso daga Sijilmasa, a ƙasar Maroko ta yau, a farkon 1352. Bayan kwana ashirin da biyar ya isa Tagaza, ƙauyen da ya ce babu wani alheri a cikinsa: gidaje da masallaci an gina su da kantun gishiri an rufe da fatun raƙuma, babu itace ko ɗaya, ruwan zartsi ne, ƙudaje sun yi yawa, mazauna kuwa bayin ƙabilar Masufa ta cikin hamada ne masu haƙa, abincinsu dabino daga arewa da naman raƙumi da gero daga kudu. Raƙumi yana ɗaukar kantu biyu. Kayan da ake sayarwa miskali takwas zuwa goma a Walata, in ya isa birnin Mali sai ya kai ashirin zuwa talatin, wani lokaci har arba'in. Wannan tazara tsakanin farashin Walata da na Mali ita ce abin da ya ciyar da madugai da masu masauki da dillalai da fadawa. Ya kuma ba da labarin ɗan aiken da ayari ke ɗauka haya ya riga su zuwa Walata da wasiƙu, domin a taro su da ruwa tafiyar kwana huɗu daga gari. Nasu sun biya shi miskali ɗari, kuma in irin wannan ɗan aike ya halaka a hanya, ayarin duka ko mafi yawansa yana iya bin sa. Jagoransu ido ɗaya gare shi, ɗayan ma ba lafiya, amma babu wanda ya fi shi sanin hanya.

Ibn Batuta mutum ne mai son a karrama shi, kuma bai ji daɗin Mansa Sulaiman, sarkin Mali na lokacin, ba. Da aka ce ga kyautar sarki ta iso, ya miƙe yana zaton riguna ne da kuɗi, sai ya ga gurasa uku da soyayyen naman sa da ƙwaryar nono, ya yi dariya. Duk da wannan haushi, da ya zo lissafa kyawawan halayen ƙasar, abin da ya sa a gaba shi ne ƙarancin zalunci da amincin hanya, cewa matafiyi da mazauni ba sa tsoron ɓarawo ko ɗan fashi, kuma in baƙon ɗan kasuwa ya mutu ba a taɓa dukiyarsa komai yawanta, sai a damƙa ta ga amintacce har magadansa su zo. A ganina wannan shaida ta fi duk labaran ƙawar fada muhimmanci, domin ita ce ta nuna abin da daular ke sayar wa fatake a madadin harajinsu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma da Mali ta kasa yin askin, saboda rikicin gadon sarauta da hare-haren mayaƙan Mosi daga kudu, Buzaye suka karɓe Timbuktu a wajen 1433. Mali ba ta ɓace ba, ta ci gaba a matsayin masarauta a kudu maso yamma har ƙarni na 17, sai dai ƙofar ta kuɓuce mata.

Songai ta gāji ƙofar ne da ƙarfin ruwa. Gao tsohon gari ne da ya yi zamani da Gana, kuma masuntan Sorko sun ba sarakunansa jiragen da babu mai irinsu a kogin. Sonni Ali, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, ya kama Timbuktu sannan Jenne, wato ya haɗa tashar raƙuma da tashar kwalekwale a hannu ɗaya. Malaman Timbuktu sun ƙi jininsa domin ya wulaƙanta su, kuma da yake jikokinsu ne suka rubuta tarihin, sai ya fito a matsayin azzalumi, Askiya Muhammad da ya ƙwace mulki daga ɗansa a 1493 kuma ya fito a matsayin adali. Askiya ya gane cewa malaman nan 'yan uwan attajirai ne, sau da yawa ma gida ɗaya suka fito, don haka girmama su tsare kasuwa ne. Ya yi hajji a 1496 zuwa 1497, ya naɗa alƙalai, ya kai ikonsa har Tagaza da Agadas.

A gabas kuwa akwai wata hanya da ba ta bi ta kan zinariya ba, wadda ta tashi daga tafkin Cadi ta bi ta Kawar da Balma da Fazzan zuwa Tarabulus. A kanta gidan sarautar Saifawa ya zauna, da fari a Kanem, daga baya a Borno, inda Mai Ali Gaji ya gina Birnin Gazargamu a ƙarshen ƙarni na 15. Babban abin da wannan hanya ta ɗauka zuwa arewa bayi ne, ana musanya su da dawakai, dawakan kuma a koma da su kamun wasu bayin. Ba Borno kaɗai ba ce, domin Mali da Songai ma sun sayar da mutane, kuma gandayen Askiyoyi a bakin kogi bayi ne ke noma su. Duk bayanin girman waɗannan dauloli da ya tsallake wannan ya bar rabin magana, kuma cutar ba ta tsaya kan waɗanda ba Musulmi ba: a wajen 1391 Mai na Borno ya aika wa Sultan Barƙuƙ na Masar wasiƙa yana ƙorafin cewa wasu Larabawa suna kama talakawansa Musulmi waɗanda ba bayi ba suna sayarwa.

Ƙasar Hausa tana tsakanin waɗannan hanyoyi biyu, kuma kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna yadda suka iske ta. A zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci. A zamanin Abdullahi Burja, tsakiyar ƙarni na 15, aka buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja, ƙasar goro. A zamanin Yakubu Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da lugga, gishirin Azbin ya wadata, Barebari da Larabawa suka yawaita. Sai Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi ya gina gidan sarautar da ake zaune a cikinsa har yau, kuma Shehu Magili, wanda ya rubuta masa nasiha kan hukunce-hukuncen mulki, shi ne ya wuce Gao ya amsa tambayoyin Askiya Muhammad. Biranen Hausa ba su haɗu ƙarƙashin sarki ɗaya ba, Kano da Katsina ma sun sha gwabzawa, amma suna da abin da Tagaza da Walata ba su da shi, wato ƙasar noma da masaƙa da marina da dukawa, saboda haka suna da abin sayarwa na kansu ko da zinariya ba ta ratso ba. Akwai wani marubucin ƙarni na 16 da ya ce Askiya ya ci Kano da Katsina da Zazzau, sai dai kundin Kano bai ambaci haka ba, kuma masana da dama suna shakka. Abin da ya tabbata shi ne Kanta na Kabi, wanda ya raka Askiya yaƙin Agadas, ya ɓata da shi kan rabon ganima a wajen 1516, ya yi tawaye, kuma Songai ta kasa maido shi.

A wannan tsakani wata ƙofa ta buɗe a inda ba a zata ba. Turawan Fotugal sun gina ganuwar Elmina a gaɓar teku a 1482, kuma wani kaso na zinariyar Akan ya fara gangarawa kudu maimakon ya hau Jenne. Wannan bai kashe cinikin hamada ba, amma ya nuna cewa bakin hamada ba shi kaɗai ne mafita ba. Sultan Ahmad al-Mansur na Maroko, bayan shekaru ana ja-in-ja da Songai kan Tagaza, kuma bayan yaƙin basasar 1588 ya raunana gidan Askiya, ya tura Judar Basha da mayaƙa wajen 4,000, yawancinsu masu bindiga, suka ratsa hamada a ƙarshen 1590. A watan Maris na 1591 suka haɗu da rundunar Askiya Ishaƙ na biyu a Tondibi, arewa da Gao. Songai ta fi su yawa nesa ba kusa ba, ta kuma koro garken shanu a gaba domin su tattake baƙin, amma ƙarar bindiga ta juyo da shanun kan masu su.

Da Judar ya shiga Gao, gani ya kori ji. Ya rubuta wa ubangidansa cewa gidan sarkin masu jakai na Marakish, babban birnin Maroko a lokacin, ya fi fadar Askiya kyau, ya kuma isar da tayin Askiya na miskali 100,000 da bayi 1,000 domin su janye. Al-Mansur ya fusata ya sauke shi ya turo wani. An kwashi dukiya mai yawa daga attajiran Timbuktu da Jenne an kai Marakish, amma ramukan suna can kudu, tafiyar makonni, a hannun mutanen da ko Mansa Musa bai matsa musu ba. Amincin hanya da ke jawo zinariyar zuwa kogi kuma ya wargaje, aka shiga fashi da tawaye. Garin neman ƙiba aka samo rama: bayan mutuwar al-Mansur a 1603 sojojin da aka bari suka koma naɗa shugabanninsu da kansu, suka auri 'yan ƙasa, zuriyarsu ita ce ake kira Arma.

Cikin malaman da aka kwashe daga Timbuktu a ɗaure zuwa Marakish a 1594 akwai Ahmad Baba, wanda ya ce an wawashe masa littattafai 1,600, kuma nasa ne mafi ƙanƙanta cikin ɗakunan karatun danginsa. Bayan ya dawo gida, a fatawar da ya bayar a 1615 kan waɗanda bai halatta a bautar ba, ya lissafa mutanen Borno da Kano da Katsina da Gobir tare da na Mali da Songai a matsayin Musulmi na asali. Jerin sunayen ya nuna inda nauyi ya koma. Ayarin da a dā ke sauka Timbuktu da Gao ya ƙara karkata zuwa Agadas da Katsina da Kano da Gazargamu, hanyar goro da Wangarawa suka fara bi kuma ta koma hannun fataken Hausa, waɗanda suka riƙa tafiya Gwanja da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, madugu a gaba, ana biyan kuɗin fito a kowane mashigi kamar yadda aka biya wa sarkin Wagadu. Wuraren da suke yada zango a hanya suka zama unguwanni, shi ya sa har yau a Kumasi da Akara unguwar baƙi Musulmi zongo ake ce mata.